Kwamfutar da ba ta san Kaduna ba

"Injiniya, zo ka kashe kukan nan kafin in jefar da ita waje!"

Madam Rifkatu ke nan, mai shagon buga takardu a Barnawa, a waya jiya da rana. Ni na sa wa kwamfutarta babbar manhajar Linux, har da cika baki: akwai 'yar na'ura a ciki mai auna zafi, na saita manhajar da ke sarrafa ta a kernel, wato zuciyar Linux ɗin, in inji ya ɗau zafi zai yi ƙara ya kashe kansa kafin ya ƙone.

Na tarar kwastomomi sun kwashe aikinsu sun tafi, ita kuma tana yi wa kwamfutar fifita da kwali. Ana kunna ta, sai ta yi kuka ta mutu.

Da na buɗe saitin, kunya ta kama ni. Daga intanet na kwafo shi, na wani Bature mai zama cikin ƙanƙara. Iyakar zafin da ya sa, ko iskar shagon ta wuce ta.

Na ce, "Madam, lafiyarta ƙalau. Gani take zafin ya yi yawa."

Ta share gumi. "Mu da muke cikinsa tun safe, wa ya ji kukanmu? Gaya mata nan Kaduna ne."

Na ɗaga iyakar, kwamfuta ta yi tsit.

A Makera, nan cikin Kaduna, aka haife ni fa, amma sai da Madam ta tuna min garin da nake. Ku me kuka taɓa kwafowa daga waje ya ƙi zama a nan?