Tsamiyar Gidanmu a Dukawuya

A tsakar gidanmu akwai wata tsamiya da ta girmi kowa. Kakata, wadda muke kira Inna, ta ce akwai masu ita. Ba ta kiransu aljanu, sai dai ta ce mutanen gida. In za ta zubar da ruwan zafi sai ta yi bismilla, ta ce a gafara, kada ta ƙona musu yara. Babana kuwa haushin abin yake ji.

Shekarar da yayana zai yi aure, Baba ya ce a sare ta a gina ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa ya isa ya yi magana? Inna ma ba ta musa ba.

Aka kira mai saran itace. Ya zagaya tsamiyar, ya ajiye gatarinsa, ya ce, "Alhaji, ni ba na saran tsamiya sai an sallami masu ita. Ina da iyali."

Baba ya ce camfi ne. Mutumin ya ce ya ji, amma hannun nasa ne. Dole aka koma wajen Inna, don ita kaɗai ta san yadda ake sallamar.

Da mai saran ya dawo ya tambaya ko sun tashi, Inna ta ce, "Ayya, matar gidan ta haihu. A bari a yi suna." Da ya sake dawowa, ta ce mai jego ba ta gama wanka ba. Daga nan kuma jaririn ya fara haƙori. Baba ya yi faɗa har ya gaji, biki ya matso, aka gina ɗakin a inda muke ɗaure awaki.

Har yau ina gode wa Allah da wannan jaririn da ba wanda ya taɓa gani. A inuwar bishiyar nan aka yi sunan 'ya'yana, da tsamiyarta ake dama mana kunu duk azumi.

Da Inna ta tsufa sosai, wata rana ina tsefe mata kai a gindin bishiyar, na ce, "Inna, tsakaninki da Allah, kina ganinsu?"

Ta yi dariya. "Ni? Ko sau ɗaya."

"To, me ya sa?"

Ta dafa gindin bishiyar. Sannan ta ce, "Nan kakanki yake zama da la'asar. Ban san kabarinsa ba, mata ba sa zuwa. Nan kaɗai na sani."