Rabin Waƙar Kanari

Tun da na ajiye alli na dawo gida Keffi da zama, babu abin da ya rage mini na shagala sai sauraron kiɗa. Ɗana Nasiru, wanda yake aiki a Abuja, ya ga ina ta fama da 'yar rediyo mai shaƙaƙƙiyar murya, sai ya aro mini hedifon guda biyu na manya daga wurin wani abokinsa mai sayarwa, ya ce in gwada in zaɓi ɗaya. Shi a zatonsa goge da garaya zan ji da su. Ban gaya masa cewa wani layin waƙa nake nema ba, layin da ya ɓace mana tun muna yara, kuma in ban same shi a cikin wani tsohon kaset ba, to ya tafi ke nan.

Kakarmu ta wajen uba, Inna Delu, ita ce mai tatsuniyar gidanmu. Da an idar da sallar isha'i, sai mu kewaye murhun da aka sauke tuwo, ita tana kan 'yar kujerarta tana juya gyaɗa a cikin toka. A lokacin bayan gidanmu gona ce har bakin rafi, kuma makiyaya suna kwana da shanunsu a can. Yanzu gidajen haya ne na ma'aikatan da tsadar Abuja ta koro. Inna ba ta farawa sai ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai yi mata shimfiɗa?" Mu kuma mu ce, "Ta shigo, tabarma na nan!" In muka amsa da sanyin jiki, sai ta dube ni, don ni take tsokana da sunan angonta, ta ce, "Ango, da wannan muryar za ka yi mini cefane a kasuwa? Ai ko mai daddawa ba za ta juyo ba."

Wadda muka fi so ita ce ta manomin da ya ƙwallafa rai a kan kukan kanari. Kullum da yamma garken kanari yakan sauka a kan ɗorawar gonarsa, babbansu ya rera, sauran su amsa. Manomi ya ce shi amshin ne yake ɓata masa daɗi, hayaniya ce kawai. Ya ɗana tarko ya kama babban, ya saka shi a cikin gora, ya kafa kunnensa a bakin gorar don ya ji shi kaɗai. Kanari ya rera layinsa, ya yi shiru yana jira. Ya sake rerawa, ya sake jira. Haka har kaka ta wuce. Ran da manomi ya gaji ya sake shi, garken ya riga ya yi ƙaura, shi kuwa kanari ya manta abin da ake amsa masa. A nan Inna takan karkata kai ta rera:

"Na kira, na kira, rana ta faɗa bayan ɗorawa."

Mu kuma mu ɓarke da amshi, har da tafi. Amshin nan shi ne ya ɓace.

Yadda ya ɓace kuwa, ƙanen mahaifinmu ne, Kawu Sale, wanda yake tuƙin tifa a wurin gina Abuja, ya zo hutu da rakoda mai kaset, irin wadda ake ratayawa a kafaɗa. Ya ce zai ɗauki muryar Inna don tarihi. Mutumin kirki ne, amma ya zauna da injiniyoyi ya koyo tsari. Ya jera mu kamar 'yan fareti, ya ɗaga yatsa ya ce, "Duk wanda ya yi ko tari, ni da shi ne. Muryar Inna nake so tsaf, ba kwakwazonku ba."

Inna ta ce, "Sale, tatsuniya ba huɗuba ba ce."

Ya ce, "Inna, na'ura ce, ba ta son surutu."

Ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya."

Muka yi tsit. Ta ba da labarin, ta rera layinta, ta tsaya. Mun san wurinmu ne, bakinmu yana ƙaiƙayi, amma yatsan Kawu yana sama. Damina biyu bayan haka Inna ta rasu. Aka rarraba mu makarantun kwana, muka koyo waƙoƙin fareti da na Turanci, kowa yana ganin ai tatsuniyar tana cikin kaset, babu abin da zai same ta. Sai da furfura ta fito muka lura cewa rabi muka adana.

Nasiru ya juye mini kaset ɗin a waya. Fatana shi ne ko wani yaro a cikinmu ya kasa haƙuri ya raɗa amshin a ƙasan maƙoshi, ko da kalma biyu ne, na'ura ta kama.

Na fara da hedifon na farko, rufaffe, mai matashin fata da yake rufe kunne ruf. Yana da wani maɓalli da in ka danna, janaretan maƙwabci da hon ɗin 'yan acaɓa su ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. A kiɗa ba shi da laifi: ganga takan sauka har cikin ƙirji, sai dai goge yakan koma baya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, kuma kafin a jima kunne ya jiƙe da gumi. Da na saka kaset ɗin, ya cika muryar Inna ya yi mata kauri, har ta fi yadda na san ta. Amma inda ta yi shiru, shi ma shiru ya ba ni, mai nauyi, kamar cikin rijiya.

Na biyun buɗaɗɗe ne, bayansa raga, mara nauyi, sai an haɗa shi da wata 'yar na'urar ƙara sauti, amfilifaya, kafin ya buɗe murya. Ba ya hana ka jin sallama, kuma na kusa da kai yana jin abin da kake ji, don haka ba na mai sirri ba ne. Gangarsa ba ta kai ta wancan ba, amma yana ajiye kowane sauti a mazauninsa. Da shi na ji gidanmu ya dawo: gyaɗa tana fashewa a hagu, saniya tana kuka can nesa wajen rafi, awarwaron wata yana motsi a dama.

Awarwaron na yayata ne, Yaya Larai. Mu biyu muka rage a cikin waɗanda suka zauna a daren. Na aika aka ɗauko ta daga Gitata. Ta juya hedifon ɗin a hannu ta ce, "Malam, wannan ai na matuƙin jirgi ne. Ina za mu tashi?"

Na ce, "Yaya, ki dai saurara. Ke kika fi mu baki a lokacin, wataƙila kin yi raɗa."

Ta ce, "Ni? Gaban Kawu Sale? Ai ko numfashi aro na yi."

Na gyara mata shi a kan ɗankwali. Daga inda nake zaune ina jin muryar Inna siririya tana fitowa ta ragar. Ta rera layinta. Na ga leɓen Yaya ya buɗe, hannuwanta sun rabu za su yi tafi. Hannuwan suka tsaya a iska, suka sauko a hankali kan cinyarta.

Ta ce, "Yana nan a bakina wallahi. Ya ƙi fitowa." Ta ɗan ƙara saurare, sai ta ce, "Ka ji abin da ta faɗa a ƙarshe?"

Ban taɓa ji ba. Na karɓa na mayar baya. Bayan jira na ƙarshe, ƙasa-ƙasa, ba da na'ura take ba, ba kuma da Kawu ba, Inna ta ce, "To, ku kuka sani." Ba ta ma rufe da ƙurungus ba. Kujerarta ta yi ƙara, kaset ya ƙare.

Muna yara mun ɗauka labarin wawan manomi ne, muna yi masa dariya. Na yi shekara da shekaru ina koyar da adabi, ina gaya wa ɗalibai cewa waƙa tana da jagora tana da 'yan amshi, su rubuta su ci jarrabawa. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa 'yan amshi ma ma'ajiya ne, kuma abin da aka ba su ajiya ba ya zama a kaset.

Na mayar wa Nasiru da rufaffen, na riƙe buɗaɗɗen. Ya tambaye ni dalili, na ce ya fi fito da goge, kuma gaskiya ne. Da yamma nakan zauna a barandar gida in saka shi. Inna ta kira, rana ta faɗa bayan ɗorawa, sannan ta tsaya. Da kyakkyawan hedifon har numfashinta ana ji, tana jiran mu.