Ashe mai bin sawu ne ke daskarar da kwamfutarmu

Sau huɗu yau babbar kwamfutar ɗakin gwajin jininmu ta daskare, ga masu jiran sakamako tun daga Kuta sun cika benci.

So nake in sauya kenel, wato zuciyar manhajar, ba tare da na kashe kwamfutar ba, amma duk lokacin da na gwada sai ta daskare.

Anti Ladi, wadda ta koya min aikin, ta leƙo. "Idi, ka kashe mai bin sawu, shirin nan da ke rubuta duk motsin kenel?"

"A'a, Anti."

"Haba! Yana tsakiyar rubutu kana janye masa tebur? Tsayar da shi tukuna, sannan ka sauya."

Na yi hakan. Sabon kenel ya tashi lafiya lau, firinta ta kama aiki. Wallahi har tsalle na yi!

Ku fa, wa ya taɓa cetonku da tambaya ɗaya?