Tarin da Mai Feshi Ya Ɗora wa Gidansa

Mai Feshi ake ce masa a gareji, don tun yana saurayi bindigar fenti ke hannunsa. In ya gama da mota, sai ka ga fuskarka a jikin ƙofarta. A wani ɗaki da aka toshe da leda yake aiki, hanci ɗaure da tsohuwar singileti.

Da tari ya kama shi, ba a wurin aiki yake taso masa ba. Sai ya koma gida da yamma, ya yi wanka ya zauna, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita kamar usur. Sai ya ce ai gidan ne. Ya sa matarsa ta ba da kyanwarta, ya hana ta shafa turare. Ran da yayarsa ta zo dubiya, ya goga yatsa a taga ya nuna mata.

"Kin gani, Yaya? Ƙazantar gidan nan ce za ta kashe ni."

Matar na tsaye da kofin ruwa. Daga ranar ta riƙa goge ɗaki safe da yamma, har hannunta ya tsattsage.

Da abin ya yi tsanani, ita ta raka shi asibiti. Likita ya tambayi sana'arsa, sannan ya ce, "In ba ka je aiki ba fa?"

Matar ta ce a hankali, "Lokacin da ya yi targaɗe yana gida, ko tari bai yi ba."

Bayan gwaji likita ya ce asma ce. Ruwan da ake haɗa wa fenti don ya yi tauri yana da wani sinadari, isosayanet, wanda tsumma ba ya tarewa, kuma yakan ɗauki awanni kafin ya shaƙe mutum.

A hanyar gida ya kasa haɗa ido da ita.

"Maman yara, ashe kin lura."

"Na lura, maigida. Na ga ba ka son ji ne."

Washegari ya tafi gidan yayarsa shi kaɗai. Ya yi hirar zafin gari, ya yi ta karatun yara, sai da ya sa takalmi zai fita ya ce, kai a ƙasa, "Maganar rannan, ba laifinta ba ne."

"Ita za ka gaya wa, ba ni ba," in ji yayar.

Da ya koma gida ya gaya wa matar, cikin in'ina.

Yanzu gilashin mota yake sakawa a wani shago nesa da gareji. In tsofaffin abokan aiki suka tambayi jikin, sai ya ce da sauƙi, ya sauya magana.