Baba da Ludon Waya

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ne ƙanena ya saya wa Baba babbar waya, don ya riƙa ganin jikokinsa na Legas. A nan ya gano ludo, irin wanda ake bugawa da mutanen da ba ka taɓa gani ba, wani a Indiya, wani a Masar. Da farko mun ji daɗi. Rabonmu da jin dariyarsa har mun manta.

Ni a unguwar Wunti nake aure, gidanmu kuwa yana Ƙofar Dumi, kullum da yamma nakan kai masa tuwo. Sai na fara tarar da kwanon jiya a rufe yadda na ajiye shi. In faɗa masa magana ya ce "to", gobe ya ce ban faɗa ba. Ɗaurin auren ɗan amininsa ya wuce bai je ba. Ran da na ɗaga wayar zan goge tebur, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba ko ina yarinya.

Yayansa ne ya faɗo mini a rai. Shi ma da mantuwa da faɗa ya fara, kafin ya rasu ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Ban gaya wa kowa ba, na dai lallaɓa Baba muka je asibiti da sunan awon jini.

Likitar da muka samu 'yar Bogoro ce, ashe Baba ya koyar da ita lissafi a sakandare. Ta rusuna ta gaishe shi, ta shiga yi masa tambayoyi: yau wace rana, maimaita waɗannan kalmomi, ƙirgo da baya. Bai kuskure ko ɗaya ba. Amma ta lura hannunsa ba ya barin aljihu.

"Malam, mene ne a aljihun?"

Ni na ba ta amsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kwantar da hankalinki, ba ciwon mantuwa ba ne. Bai manta maganarki ba, tun farko ba ta shiga ba, hankalinsa yana kan wasa."

Ta juya gare shi. "Malam, akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki idan tana sa ran samun abin daɗi. Ba cin wasan ne ya fi motsa shi ba, rashin sanin me zai fito ne. Ko an cinye ku, in saura kaɗan ne, sai ta ce a sake. In ta saba, abinci da hira sai su zama lami, ɓangaren da ke cewa ya isa haka kuma ya yi sanyi."

Baba ya ce, "Gidan ne ya yi mini girma, 'yata."

Kuka ya ƙwace mini, rabi na tausayi, rabi na godiya ga Allah.

Ta hana mu karɓe wayar. Ta ce ya sa wa wasan lokaci da kansa, mu kuma mu cika masa sauran yinin da mutane, ƙwaƙwalwa tana komawa daidai a hankali. Makonnin farko ba daɗi. Ya yi ƙunci, ya karya dokarsa ba sau ɗaya ba. Na je na roƙi amininsa, ya riƙa biyo masa da safe su tafi gonarsa ta Tirwun.

Wata Asabar da damina na yi ta kiransa ba a ɗauka. Na hau keke na garzaya gidanmu. Na same shi a zaure, ƙafa duk taɓo, yana ta sababi a kan awakin da suka cinye musu wake.

"Baba, tun safe nake kira!"

Ya laluba aljihu, ya dube ni. "Af, tana ɗaki. Samo mini ruwa, ki zauna ki ji ɓarnar da aka yi mana."