Baba da Miyar Gidan Malam Buba

Jiya bayan magariba na kama Baba dumu-dumu cikin miyar gidan maƙwabcinmu Malam Buba, manja har wuyan hannu. Kwanon gidanmu yana gefe, ko buɗe shi ba a yi ba.

Watan jiya hawan jini ya kayar da shi, har yanzu jan ƙafar hagu yake. Likita ya ce ya rage gishiri da mai, ya rage tumbi. Inna ta koma yi masa miya lami. Amma a layinmu na Kolere dattawa tare suke ci a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa. To wa zai taɓa lami?

Da ya shigo na tare shi a zaure.

"Baba, so kake ka sake faɗuwa? Ni na cicciɓe ka zuwa asibiti fa! Daga yau a ɗaki za ka ci."

Ya lalubi bango ya jingina.

"Kai, rage murya. Mu tara ne a tabarmar nan kafin mu yi gudun hijira. Yanzu mu huɗu. In Buba ya turo min kwano, in ce masa me?"

Duk karance-karancena a waya kan cutar nan, ban ga amsar wannan ba.

Da safe muka auna, jinin ya sake hawa. Wallahi na gaji.

Masu tsofaffi a gida, don Allah ku yaya kuke yi?