Algaitar Kaka da Bututun Yaya

Shekaranjiya da safe 'yata ta ƙi shan madararta. Ta tsoma tsinken roba na shan lemo a kofi tana hurawa, kumfa na tashi gurgur-gurgur. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na fasa. Da wannan ƙarar na girma, a wani tsohon bene da ke unguwar University Heights, a nan ƙasar Turawa. Na ja kujera na zauna, na bar ta ta yi ta ɓarnarta.

Bari in gaya maka yadda gidanmu yake. Baba direban tasi ne, a filin jirgi na JFK yake yini yana jiran fasinja. Inna tana kitso a wani shago a titin 125th. Mu biyu suka haifa, ni da Yaya, wanda bai girme ni da yawa ba. Sai Kaka, mahaifin Baba, da aka kawo daga garinmu can wajen Damagaram don a yi masa aikin ido. Ido ya buɗe, amma likita ya gano wani ciwo a ƙirjinsa, daga nan maganar komawa gida ta mutu. Aka sa masa gado a ɗakin Yaya, kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, domin sanyi ne babban abokin gabarsa.

Kaka mai algaita ne, kuma gadonta ya yi. A garinmu kowane babban gida yana da takensa, wato ɗan gajeren busa wanda da an ji shi an san su wa ake kira. Maƙera da nasu, mahauta da nasu, gidan mai gari da nasa, kuma cikin kowanne akwai kirari da sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Duk a kan Kaka suke. 'Yan'uwansa sun rasu, Baba kuwa tun yana saurayi ya guje wa sana'ar. Ko a masallacin unguwarmu, in aka tambaye shi aikin tsohonsa, sai ya ce manomi ne, don ba ya so a kira shi ɗan maroƙi. Saboda haka in ba Yaya ya karɓa ba, ranar da aka rufe Kaka an rufe taken gari guda.

Sau ɗaya na ji algaitar nan a bakin Kaka. Ranar wata ƙaramar Salla ce, bayan an sauko daga idi, ya ciro ta daga jakar fata ya kafa ta a baki. Wayyo, ƙara! Sai da kofuna suka yi rawa a kan tebur. Kafin ya kai ƙarshe, na ƙasa sun fara dukan rufinsu da sandar tsintsiya, na sama suna buga ƙafa, mai kula da bene ya hauro yana haki. Baba ya yi ta ba da haƙuri a bakin ƙofa, fuskarsa a murtuke. Kaka ya dakatar da busar. Ya goge bakin algaitar da gefen rigarsa, ya mayar da ita jaka, ya rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsu.

Daga nan sai ya koma yin taken da baki. Da damina ko da rani ban cika ji ba, amma in hunturun garin nan ya kama, ƙanƙara ta rufe titi, ƙarfen ɗumama ɗaki yana huci, sai ya zauna da bargo a kafaɗa yana rerawa ƙasa-ƙasa, yatsunsa na tafiya a kan sandarsa. Ni ce 'yar sauraro, ina wanke-wanke ina ji. Matata yake kirana, irin wasan kaka da jika. Na taɓa ce masa ya koya mini, ya yi dariya har da tari, ya ce, “Matata, mace da algaita? Kumatunki su zube, wa zai aure ki bayan raina?” Na yi fushi na kwana biyu, shi ko a jikinsa.

Yaya shi aka zaunar. Ka san mai algaita ba ya yanke busa don ya shaƙi iska. A kumatu yake tara ta, yana matso ta waje yayin da hanci ke jawo sabuwa. A gida da karan ciyawa da ƙwaryar ruwa ake koya wa yaro. Mu a nan, kofin gilashi ne da tsinken shan lemo. Kullum in Yaya ya dawo daga makaranta, ga kofi na jiransa, ya yi ta hurawa, sharaɗin kawai kada kumfa ta tsaya. Ya ƙware da ruwa, ido ya yi ja, rigar makaranta ta jiƙe. Kaka kuwa kalma ɗaya gare shi: “Saura.”

Wata rana kumfar ta ƙi tsayawa. Inna ta soya albasa, ta zuba tumatir, miya ta tafasa, Yaya yana nan yana hurawa. Da ya cire tsinken, ya ɗago kai yana kallon Kaka da wata irin fuska da har yau ba na son tunawa, fuskar yaron da ke jiran a ce masa madalla. Kaka ya juya wajen taga ya ce, “Saura.” Na ga ruwa a idonsa, na ɗauka idon da aka yi wa aiki ne ke damunsa.

Akwai abin da ba mu sani ba a lokacin, sai bara Inna ta faɗa mana. A gidan su Kaka ba a kiran yaro a ce zo in ba ka take. In numfashinsa ya zauna, shi da kansa zai sauke jakar algaita daga ƙusa, ya rataya a kafaɗa, ya tsaya a bayan tsoho. Wannan shi ne roƙon, kuma a ranar ake ba shi take na farko. Shi ya sa Kaka ya rataye jakar a inda Yaya zai gan ta duk lokacin da ya rufe ƙofa. Mu kuwa tun muna rarrafe aka koya mana ba a taɓa kayan manya. Baba ya san al'adar, ya yi gum, don ya rantse ɗansa ba zai yi roƙo ba. Inna ta sani, amma ga kunyar suruki ga umarnin miji. Tsoho yana jira a ɗauka, yaro yana jira a miƙa masa, a ɗaki ɗaya suke kwana. In na tuna wannan, raina ɓaci yake da su duka.

Da zafi ya shigo, lokacin da ake buɗe tagogi yara suna wasa da ruwan famfon titi, Yaya ya gamu da wani Bature a wurin shan iska yana busa wani dogon itace mai rami, tsawonsa ya kusa kai mutum. Didjeridu sunansa, na mutanen asali ne na arewacin Ostireliya. Yaya ya dubi kumatun mutumin ya gane abin da yake yi. Ya roƙa aka ba shi ya gwada, cikin ɗan lokaci sautin ya zauna bai yanke ba. Mutumin ya miƙe tsaye yana tafa masa, yana tambayar wa ya koya masa. Yaya ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Yabon farko ke nan da aka yi wa numfashinsa, kuma daga bakin baƙo ya fito.

Kafin mako ya zagayo ya samo guntun bututun roba na masu gyaran famfo, ya naɗa kakin zuma a bakinsa. Sautin can ƙasa yake, a ciki kake jin sa, ba ya tsaga bango irin na algaita, don haka maƙwabta ba su ko tanka ba. Kaka ya saurara ya ce, “Wace saniya ce ke naƙuda a ɗakin nan?” Baba bai hana ba. A wurinsa wasan yaran makaranta ne, ba roƙo ba.

Wata ranar Lahadi Yaya ya kunna wa Kaka bidiyo a kwamfuta, don ya nuna masa abin ba shirme ba ne, yana da masu shi. Tsofaffi ne baƙaƙe zaune a ƙasa ƙarƙashin itace. Ɗaya yana waƙa yana buga wasu sanduna biyu, mai busa yana gefe, ƙarshen itacensa a kan turɓaya. Yaya ya yi bayani da Turanci ina juyawa: wai gara ce ke cinye cikin itacen tun yana tsaye, waƙoƙin kuma kowanne da zuri'ar da ta mallake shi da ƙasar da yake magana a kai, kuma da baki ake fara koya wa yaro kafin a ba shi itacen. Kaka ya matso da fuskarsa daf da gilashin. Busar gajera ce, harshe na dukan iska da ƙarfi, kuma mawaƙin na ajiye murya mai busa ya tsaya cak.

“Sake mini,” in ji Kaka. Da aka sake ya nuna da yatsa. “Dubi idonsa. Ba mutane yake kallo ba, hannun mawaƙi yake kallo. Wannan ɗan gado ne.” Ban taɓa jin ya yaba wa wani mai busa ba sai ranar. Ya ɗaga ido ya dubi ƙofar ɗakinsu ya daɗe. Yaya kuwa hankalinsa na kan kwamfuta, yana neman wani bidiyon.

Hanyar da Yaya ya bi daban ce da ta waɗancan tsofaffin. Shi kaɗai yake busa, da lasifika, da wata na'ura da yake takawa ta riƙe sauti tana maimaitawa. Yana fitar da ganga da leɓe, yana haushin kare, yana kwaikwayon jirgin ƙasa, duk a numfashin da ba ya yankewa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya iya. In yana yi, ƙafarka da kanta take motsi. Da ya fara zama yana busa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta titin 125th ranar Asabar, sai Kaka ya ce in kai shi. Muka sauka matakala a hankali, yana tsayawa yana haki. Mutane sun yi da'ira suna ɗaukar hoto. Kaka ya dogara sandarsa ya tsaya har aka tafa aka watse.

“Numfashi ya zauna,” ya ce. Fuskar Yaya ta washe. “To ina mawaƙin?”

“Babu, Kaka. Solo ne, ni kaɗai.”

“Yaushe kake sanin ka kai ƙarshe?”

Yaya ya ɗaga kafaɗa ya ce in ya gaji, ko in jirgi ya shigo. Kaka ya gyaɗa kai, ya dafa ni muka juya. A hanya bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Hunturun da ya biyo baya shi ya tafi da Kaka. Kafin nan ya daina rera taken, tari ba ya barinsa. Aka kai shi maƙabarta can ƙetaren kogi, ƙasa ta daskare har sai da injin ya haƙa. Baba ya sauke jakar daga ƙusa ya jefa ta saman kabad, ba wanda ya ƙara maganarta.

Yanzu Baba ma ya bi shi. Yaya ya yi furfura a gemu, busa ce ke ciyar da shi. Yana da ɗalibai, kuma akwai wurin da mutane ke kwanciya a tabarma su rufe ido, shi yana hura musu har wasu su yi barci. Na taɓa jin yana gaya wa ɗalibansa cewa abin da yake yi ba shi ne na masu abin ba, waƙoƙinsu na gado ne, ba shi da hurumin taɓa su. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin wani abu yana cin raina. Ya san darajar gadon mutanen da bai taɓa gani ba, nasa kuwa yana saman kabad ƙura ta rufe shi. Garinmu ma, an ce yanzu da lasifika da waya ake biki, yaran maƙera ba su san suna da take ba.

Ranar da Inna ta ba mu labarin jakar, Yaya ya ɗauki makullinsa ya fita. Bayan wasu watanni ya kira ni mu haɗu a gidan Inna. Ya hau kujera ya sauko da jakar da hannunsa. Ɗan karan da ake sawa a baki ya ruɓe, amma ashe ya sa wani mai zuwa gida ya taho masa da sabbi. Ya ce, “Ke ce kika ji. Rera mini.”

Na rufe ido na nemo muryar Kaka. Farkon ya zo da sauƙi, sai na tarar da rami, na tsallake na kama wani ƙarshe da nake ji kamar nasa ne. Yaya ya saurara, ya kafa algaita, ya cike ramin da abin da ya zo masa. Sautin ya fito tas, numfashi bai girgiza ba. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

“Inna, taken wane gida ne?” na tambaye ta.

Ta ce, “Farkon na maƙera ne. Ƙarshen na mahauta. Tsakiyar ban san shi ba.” Ta share ido da bakin mayafi. “Ba na kowa ba ne, 'ya'yan nan.”

Yaya ya sauke algaitar a cinya, kansa a ƙasa. Inna ta zauna a hannun kujera, ludayin na ɗiga a kan zanenta.

“Sake busawa,” ta ce.

Ya sake, daga maƙera har mahauta. Ni kuma na shiga kicin na kashe mata wutar miya.